Mota ma tana son iska, balle albasa

A watan Mayu na 2022 an saida wata tsohuwar Mercedes ƙirar 1955 a Jamus kan euro miliyan 135, wato sama da miliyar 88 na CFA. Mota guda! Mai irin wannan dukiya ba ya barin ta ƙarƙashin rumfar kwano. Ɗaki yake gina mata na musamman, kuma abin da ya fi kula da shi a ɗakin shi ne iskar da ke ciki. Mu da sana'armu ta dogara ga ajiyar haja, ya kamata mu san dalili.

Babban abokin gaban motar da ke ajiye shi ne danshi. Masu wannan harka suna riƙe danshin ɗaki wajen kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. In ya haura sosai, ƙarfe ya kama tsatsa, kujerun fata su yi hunhuna. In ya yi ƙasa ainun, fata ta tsage, katako ya dare, kamar ƙafar mutum a hunturu. Suna kuma gudun zafi ya riƙa hawa da sauka. Kun ga yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa in an fito da ita waje? Haka jikin mota yake yi in iska mai ɗumi ta taɓa ƙarfe mai sanyi, ruwan kuma ya kwanta a lungun da tsumma ba ya kaiwa. Don haka ake sa kilim, da na'urar tsotse danshi, da fanka mai fitar da warin fetur da hayaƙi.

To amma duk wannan yana aiki ne muddin akwai wuta da mai kula. Ku dubi Burunai, ƙaramar ƙasa mai arzikin mai a tsibirin Borneyo, inda ake ruwa kusan duk shekara. Gidan sarautar ƙasar, musamman ƙanin sarki Yarima Jefri, sun tara motoci dubbai, su Rolls-Royce, Bentley da Ferrari. Bayan kamfanin yariman ya durƙushe a 1998, kulawa ta ja baya. Wani dillalin motoci ɗan Amurka da ya shiga wurin a 2002 ya ba da labarin motocin da kusan ba a taɓa hawa ba, gilasai a rufe, zafi da hunhuna sun cinye cikinsu. Ba ɓarawo, ba gobara. Iska kawai aka hana su.

Wani zai ce ina ruwanmu da garejin masu kuɗi? Mu dai a ganinmu ciwon ɗaya ne. Mangazunmu da yawa siminti ne da kwano, ƙofar ƙarfe guda, ba taga, wai don tsoron ɓarayi. A watan Afrilu, da zafi ya wuce digiri 40 a waje, cikin ya zama tanda. Damina ta zo, buhun da ke kan daɓe ya sha danshi daga ƙasa. Mai atamfa ta ga tabo, mai takalma ya ga fata ta yi fari, sai mu ce ƙaddara.

Kilim ba namu ba ne, kuma labarin Burunai ya nuna shi ma ba abin dogaro ba ne. Amma manoman albasar Galmi sun riga injiniyoyi gane zancen: rudu na kara da ciyawa, an ɗaga shi daga ƙasa, iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Sai dai kowace haja da halinta. Wake ba ya son iska, shi ya sa buhu mai ruɓi uku da ake ɗaurewa tamau yake kashe ƙwari.

Saboda haka duk lokacin da za a gina shaguna ko a gyara kasuwa, ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa su nemi a nuna musu zanen ginin tun kafin a zuba tubali. A bar ƙananan kafofi biyu masu raga da sandunan ƙarfe, ɗaya ƙasa ɗaya kusa da rufi, a ɗaga kwano ya yi tsawo. Wanda kuma ya riga ya kama shago, ya sa katako ƙarƙashin buhunansa, ya janye su daga bango ko da taki ɗaya ne, kafin ruwan farko ya sauka.