Ƙofofi uku da maganin wake yake bi

Kaka ta yi, wake ya sauka kasuwa, tiya ta yi araha. Duk mai ɗan jari a Maraɗi, Tasawa ko Damagaram ya san lissafin: a saya yanzu, a jibge a mangaza, a jira bazara lokacin da kuɗɗin buhu yake tashi. Har ma'aikacin gwamnati, in albashi ya yi albarka, yakan ajiye buhu biyu ko uku a lungun ɗaki. Ba abin zargi ba ne, tun da Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Nijeriya. Abokin gaba shi ne ƙwaron nan da ke biyo wake tun daga gona, cikin ƴan watanni ya mayar da buhu gari. Don shi muke zuba magani. Maganarmu ta makon ga ita ce inda maganin yake zuwa bayan ya gama da ƙwaro.

A lise an koya mana cewa jiki yana saduwa da duniya ta ƙofa uku: fata, huhu da hanji. Fatar babban mutum ba ta wuce murabba'in mita 2 ba, kamar tabarma guda. Cikin hanji, in an shimfiɗa shi, ya kai wajen 30. Huhu kuwa wajen 70, wato daɓen ɗaki huɗu. Mu kuma fata kaɗai muke kula da ita, don ita ido yake gani.

Ita ma fatar ba ganuwa ba ce. Tana tare ruwa, amma abin da ke narkewa cikin mai yana ratsa ta har jini, kuma zafi da zufa suna ƙara masa sauri. Fiya-fiya da ake sayarwa cikin ƴan kwalabe marasa suna, galibi sinadarin diklorbos ne, kuma yana cikin masu ratsawa. Na taɓa ganin wani yaron mangaza yana yayyafa shi da hannu tsirara, ya shafe hannun a riga, ya tafi sayen ƙosai. Wannan guba tana hana jijiya hutawa bayan ta isar da saƙo, sai yawu ya yi ta zuba, zufa ta karyo, ƙwayar ido ta tsuke, amai ya biyo baya, numfashi ya yi nauyi. Sau da yawa sai a ce rana ce ta buge shi.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ƙofar huhu, domin ba ta da ƙyaure. Mutum yana iya ƙin taɓa abu, yana iya ƙin cin abu, amma ba ya iya ƙin numfashi. A wuni da kwana yana shaƙar iska lita 10.000 ko fiye, kuma abin da ya raba iskar da jini a cikin huhu ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ƙwayar nan mai launin toka da ake kira Phostoxin, da zarar ta ji laimar iska sai ta fara sakin gas mai suna fosfin. Ƙwaya mai giram 3 tana fitar da giram 1. An yi ta ne don rufaffen sito wanda ba kowa a ciki, a hannun wanda ya koyi aikin. Mu kuwa a ƙulle ta cikin tsumma, a cusa a buhu, a jingine buhun a ɗakin da ɗiya suke kwana, kuma da hunturu, lokacin da ake toshe kowace kafa saboda sanyi. Gas ɗin ya ɗan fi iska nauyi, yara a ƙasa suke kwanciya, numfashinsu ya fi na manya sauri. Fiya-fiya tana da makari a gidan likita, allurar atirofin. Fosfin ba shi da makari.

Ƙofa ta uku ta mai saye ce, wanda bai ga mangaza ba, bai ji warin komi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan diklorbos da ta yi ta samu a ciki. Su suna da ɗakin awo a bakin iyaka. Uwargida a Tawa ba ta da komi sai hancinta da ruwan wanki, wanki kuwa ragewa yake yi, ba ya ba da tabbaci.

In tsautsayi ya auku, a bar ɗura wa mutum nono ko mai, kuma kada a sa shi amai. A fitar da shi sarari, a tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kai shi wurin lokotoro tare da kwalbar ko gwangwanin.

Abin haushi shi ne akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhu mai ruɓi uku, PICS, aikin jami'ar Purdue ta Amurka, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka gwada a kan wakenmu: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwaro ya shanye ƴar iskar da ke ciki, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Ƴan kasuwa sukan ce ya fi buhun banza tsada, kuma gaskiya ne, amma in an kiyaye shi yana yin kaka fiye da ɗaya. Sharaɗinsa wake ya bushe sarai, a duba ledar kada ta zama da huda, a matse iska, a ɗaure bakin kowane ruɓi daban, a ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera.