Sanarwar Bayan Taro Kan Harajin Hayaƙi na Tarayyar Turai

Ƙungiyarmu ta masu sarrafa kaya da fitar da su ƙetare ta kammala zamanta a Kano, inda ta tattauna kan kasuwar cinikin hayaƙi ta Tarayyar Turai da harajin kan iyaka da ake kira CBAM.

Taron ya lura cewa tun shekarar 2005 Turai ta wajabta wa manyan masana'antunta mallakar takardar izini kan kowane tan na hayaƙin kabon da suka fitar. A watan Fabrairun 2023 farashin takarda ɗaya ya haura yuro 100. Sai dai masu siminti da ƙarfe da taki na can sun daɗe suna karɓar kaso mai tsoka na takardun nan kyauta, don gudun kada su kwashe injinansu su koma ƙasashen da ba a cajin hayaƙi. Yanzu za a janye kyautar sannu a hankali daga 2026 zuwa 2034, a kuma ɗora kwatankwacin kuɗin kan siminti, ƙarfe, alminiyum, taki, lantarki da haidurojin da ake shigarwa Turai.

Mahalarta ba su musanta illar ɗumamar yanayi ba. Arewa na ganinta a gonakinta. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a ba masana'antun Turai shekara 20 na sassauci, sannan a ce wa na Afirka su yi tsere da su nan take.

Don haka taron ya zartar da cewa:

1. Gwamnatin Tarayyar Najeriya, ta hannun Majalisar Kula da Sauyin Yanayi da dokar 2021 ta kafa, ta gaggauta nazarin sanya farashin kabon na cikin gida. Dokar CBAM ta yarda a cire abin da aka biya a ƙasar da aka yi kayan. Tunda ba makawa sai an biya, gara kuɗin ya tsaya a gida ya gyara lantarki da bututun gas, maimakon ya tafi baitulmalin wasu.

2. A horas da masu auna hayaƙi 'yan ƙasa. Kamfanin da bai da sahihin lissafin kansa, da ƙiyasin Turai za a caje shi, kuma ƙiyasin ya fi tsada. Wannan ya shafi masu takin yuriya na Lekki da Eleme kai tsaye.

3. Najeriya ta haɗa murya da Mozambik da Afirka ta Kudu, waɗanda aka sani da sayar wa Turai alminiyum, a nemi ƙarin wa'adi.

Kwamitin fasaha na ƙungiyar zai miƙa rahotonsa a zama na gaba.

Sa hannu,
Sakataren Ƙungiya