ZAUREN SHAWARA: Layin Zaɓe Tun Daga Ofishin Jinsiyya Yake Farawa

 

Rabon ƙasar nan da zaɓe tun watan Afrilu na 2015. Ke nan duk saurayi ko budurwar da suka cika shekara 18 bayan wannan lokaci ba su taɓa ganin cikin rumfar zaɓe ba. Mun san wani zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ya ratsa Madani da Sinja da ƙauyukanmu, ina maganar ƙuri'a? Gaskiya ne. Amma ku lura, duk takardar sulhun da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan da kalmar zaɓe take ƙarewa, dokar zaɓen kuwa a ɗaki ake rubuta ta tun talaka bai ji labari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna tun yanzu a kan abin da mutane ke rainawa, wato kwana nawa ake bayarwa a yi zaɓe, ina ake kafa rumfa, kuma awa nawa mutum zai tsaya a layi.

A wasu ƙasashe ana ta muhawara kan abin da suke kira zaɓen wuri, wato a buɗe rumfuna kwanaki kafin babbar ranar don a rage cunkoso. A Amurka, a zaɓen 2020, mutum wajen miliyan 100 sun jefa ƙuri'arsu kafin ranar zaɓe, wasu da ƙafarsu wasu ta gidan waya. Mu a nan Sudan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin mun saba da zaɓen kwanaki. Na 1986 daga 1 zuwa 12 ga Afrilu aka yi shi. Na 2010 kwana 3 aka tsara, daga 11 zuwa 13 ga Afrilu, sannan aka ƙara kwana 2. Na 2015 ma kwana 3 ne aka ƙara masa na huɗu. In da yawan kwanaki kaɗai ke sa talaka ya sami jefa ƙuri'a cikin sauƙi, da mun fi kowa. To me ya sa ba haka abin yake ba?

Amsa ta farko tana cikin tarihinmu. Layin Bahaushen Sudan ba a ƙofar makaranta yake farawa ranar zaɓe ba, a ofishin jinsiyya yake farawa shekaru kafin nan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora ma'auninta a kan ranar 31 ga Disamba 1897: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun wannan rana. Ku kuwa kun san Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, kuma bayan nan ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Dubban da suka zo aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar an buɗe gandun Jazira a 1925 su ma duk bayan wannan rana suka zo, haka mahajjata masu tafiyar ƙasa da suka yada zango suka zauna. Da alƙalami ɗaya aka bar mutanen da suka haƙa magudanun ruwan Jazira a bayan ƙofa. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mai da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yancin kai. A takarda dai magana ta ƙare. A gaban tebur kuwa, wanda sunan kakansa ya yi kama da na Kano ko Sakkwato ya san tambayoyin da ake masa waɗanda ba a yi wa na gabansa a layi ba, da shaidun da ake cewa ya je ya kawo. Da yawa daga iyayenmu sun gaji sun bar zancen, 'ya'yansu suka tashi ba takarda.

Dokar zaɓe ta 2008 ta buɗe wata 'yar ƙofa. Ta yarda mutum ya yi rajista da takardar shaida daga lajanar unguwa ko daga masu sarautar gargajiya, kuma a rumfuna an zaunar da arifai, mutanen gari masu shaida cewa wane ɗan wane ne. Da wannan ne mutanenmu da dama suka shiga rajistar ƙarshen 2009, wadda ta tara suna wajen miliyan 16 a ƙasa baki ɗaya. Sai dai ƙofar tana da mai gadi. Lajanar unguwa a wancan zamani ta gwamnati ce, kuma mazaunin kambo, wanda gidansa ba ya cikin taswirar kowa, a lajanar ƙauyen masu hawasha yake neman shaida. Idan hakkinka yana hannun wanda kake yi wa ƙwadago, ka san da irin muryar da za ka nema.

Amsa ta biyu ita ce nisa da lokaci. Rumfunan zaɓe a makarantu akan kafa su, kambo da yawa kuwa ba su da makaranta. Saboda haka tsohuwa da mai ciki da mai goyo sai sun taka bakin magudana zuwa ƙauyen da ke da ita, ko su jira motar ɗan takara, wadda ba kyauta take ɗaukar mutum ba ko da ba a karɓi kuɗi ba. Ga shi zaɓuɓɓukan 1986 da 2010 da 2015 duk a Afrilu aka yi su, watan da zafi ke haura digiri 40 a Jazira, kuma lokacin da ake ƙarasa girbin alkama. Ma'aikacin gwamnati in ya tsaya a layi albashinsa na tafiya. Ɗan ƙwadagon da ake biya kullum, da mai sayar da shayi, da masuncin Rusairis, in suka yini a layi ranar nan tukunya ba za ta hau wuta ba. Wannan haraji ne da ba a rubuta a kowace doka ba, kuma talaka kaɗai ke biyansa.

Ku tuna yadda aka yi a 2010. A yawancin jihohin arewa kowane mai zaɓe takarda 8 ake miƙa masa: ta shugaban ƙasa, ta wali, uku na majalisar ƙasa, uku na majalisar jiha. A kudu 12 ne. Mutumin da bai yi boko ba, rabonsa da zaɓen jam'iyyu shekara 24, ko kuma bai taɓa yi ba sam, sai ya nemi alamar da yake so sau takwas, ya ninke, ya sa kowace a akwatinta. Ku yi lissafi da kanku. A ce kowane mutum ya ci minti 5 a bayan labule ɗaya, a awa 10 mutum 120 kawai za su wuce. In sunaye dubu ne a rumfar kuma labulen bai wuce biyu ba, kwana 3 ba za su isa ba. Ga kuma abin da masu sa ido na Cibiyar Carter da na Tarayyar Turai suka gani da idonsu: rumfunan da suka makara wajen buɗewa, takardun wata mazaɓa da aka kai wata, alamomin da aka buga ba daidai ba, da mutanen da suka zo da takardar rajista a hannu amma aka rasa sunansu a jeri. Dalilin ƙarin kwana biyun ke nan. Wanda ya yi tattaki ranar farko aka ce masa ya dawo gobe, ba kowa ne ya dawo ba. A jihar Nil Azrak kuwa, inda Malik Agar ya ci kujerar wali da ratar da ba ta da yawa, kowa ya ga cewa waɗanda suka haƙura da waɗanda suka juya gida suna iya sauya sakamako.

A 2015 abin ya juya. 'Yan hamayya sun ƙaurace, rumfuna suka zama fayau, ma'aikata na gyangyaɗi a kan kujera, hukuma kanta ta ce kashi 46 cikin 100 ne suka fito. Duk da haka a jiharmu ta Jazira rumfuna fiye da 100 ba su buɗe ranar farko ba saboda kuskuren rabon takardu. Darasin a nan biyu ne. Rashin layi ba kullum yake nufin an kyautata tsari ba, wani lokaci mutane ne suka fid da rai. Sannan ko babu cunkoso, sakacin ma'aikata kaɗai ya isa ya hana mutum hakkinsa.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A Amurkan da muka ambata, wani bincike da aka yi kan zaɓen 2016 ta hanyar bin sawun wayoyin hannu ya nuna mazauna unguwannin baƙaƙen fata zalla sun fi na unguwannin farare daɗewa a layi da kusan kashi 29 cikin 100. Tun 2014 wani kwamitin shugaban ƙasarsu ya ba da shawara kada a bar kowa ya wuce minti 30 yana jira. Ko'ina a duniya, layi ya fi tsawo inda masu rabon kayan aiki ba sa jin tsoron ƙorafin mutanen wurin.

Akwai kuma waɗanda suka nemo magani. A Indiya ƙa'idarsu ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2, har sukan kafa rumfa a dajin Gir saboda mutum ɗaya tak. Ba kuwa baƙinmu ba ne a wannan fage, domin Sukumar Sen, wanda ya shirya zaɓensu na farko, shi ne ya shugabanci hukumar da ta gudanar da zaɓen Sudan na 1953. A Afirka ta Kudu ana ware kwana biyu kafin zaɓe a bi tsofaffi da naƙasassu da masu ciki har gida. A Gana jami'an tsaro da ma'aikatan zaɓe suna jefa tasu kwanaki kafin sauran jama'a. 'Yan'uwanmu na Nijeriya a 2015 sun sha wahalar tantancewa da safe sannan a jira a dawo jefa ƙuri'a da rana, suka yi ta kuka har aka haɗe abin biyu wuri ɗaya. A wannan shekarar ce kuma aka kafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya kora wuraren zaɓe na musamman a Borno da Yobe da Adamawa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mu. Dokar 2008 ta ce sai mutum ya zauna wata 3 a mazaɓa kafin a rufe rajista. To ina mazaɓar wanda aka kora daga Rusairis ko Wad al-Mahi a rikicin 2022 ya koma Sinnar ko Rabak, sannan yaƙin 2023 ya sake tashinsa zuwa Gadarif? Ina lambar ƙasar wanda takardunsa suka ƙone tare da ɗakinsa? In aka rubuta sabuwar doka ba a amsa waɗannan tambayoyi ba, za a yi zaɓe a kan ƙasa da gonaki da sarautar da aka zub da jini a kansu alhali masu abin ba sa nan. Kuma wanda aka zaɓa ba da ƙuri'arka ba, ba ya jin nauyinka.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata sarakunanmu da omdodinmu da malamanmu da 'yan bokonmu su riƙe a baki ɗaya duk ranar da aka zauna zancen doka. A kai ma'aikatan rajista da na lambar ƙasa har cikin kambo da sansanonin gudun hijira, shaidar dattawan wurin ta wadatar. A kafa rumfa bisa yawan mutane da nisan tafiya, ko a ƙarƙashin tanti ne, kada a ce sai inda makaranta take. A ƙayyade yawan sunayen kowace rumfa, a liƙa jerin a fili makonni kafin zaɓe don wanda ba ya ciki ya yi magana da wuri. A ba wanda aka kora zaɓi, ko ya jefa wa mazaɓarsa ta asali daga inda yake, ko ya jefa a inda ya zauna. A ware rana ta farko ga tsofaffi da marasa lafiya da masu ciki da goyo. A guji watan zafi da lokacin girbi, a kuma raba zaɓen gida biyu maimakon takarda 8 a yini ɗaya. In an ƙara kwanaki, a bar wakilan 'yan takara su kwana da akwatuna su rubuta lambar hatimi, domin akwatin da ya kwana shi kaɗai kowa ya san yana iya wayar gari da ciki.

Mu ma akwai namu aikin da ba sai mun jira hukuma ba. Kowane mai gida ya duba wa ke da takarda a gidansa, wa ba shi da ita, musamman mata da 'yan mata. Tun 1965 matan Sudan ke zaɓe baki ɗaya, a shekarar ce Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisa, amma har yanzu akwai gidajenmu da ake cewa takardar maigida ta isa. Ba ta isa ba. Limamai da shugabannin unguwa su rubuta sunayen jama'arsu da inda kowa ya koma, su adana. Samarinmu masu karatu su shirya shiga aikin zaɓe da sa ido, don tsohon da bai ƙware a Larabcin ofis ba ya sami mai yi masa bayani da harshensa.

Kakanninmu da ƙafa suka ratso daga Hausa har bakin Nilu, tsayuwar layi ba za ta gagare mu ba. Abin da muke nema shi ne layin ya zama ɗaya ga kowa, in mun kai gaba kuma mu tarar da sunanmu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda muka rasa. Masu shawara ko gyara su aiko ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.