Rijiyoyin Tenhiya da tarin rahotannin masana

Tun bayan farin 1973 da na 1984, waɗanda suka karkashe dukiyar makiyayan Damargu, ba a rasa masu bincike a kan sha'anin ruwa a Nijar ba. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana auna damina shekara da shekara, ƙwararru na gida da na waje kuma suna ta kai da komo da kuɗin masu ba da agaji. Amma makiyayin Tenhiya, a arewacin Tanut, da ke kwana bakin rijiya cikin bazara yana jiran layi, yana da haƙƙin ya tambaya: ina amfanin wannan tarin takardu?

Ba za a ce binciken bai gano kome ba. A shekarun 1980 Brigitte Thébaud ta yi nazari a jihar Difa, ta nuna cewa rijiyar gargajiya tana da mai ita, baƙo kuma sai ya nemi izini kafin ya shayar, ta haka ake kayyade yawan dabbobin da ke cin ciyawar kewaye. Da gwamnati ta gina rijiyoyin siminti da tashoshin famfo ta ce na kowa ne, sai wannan tsari ya rushe, mai ƙarfi ya danne maras ƙarfi, makiyaya ta ƙone tun kafin rani ya yi nisa. Darasin a fili yake: a ƙasar kiwo, wanda ke riƙe da ruwa shi ke riƙe da ciyawa.

Doka ma ta karɓi wannan darasi. Dokar karkara ta 1993 ta amince wa makiyayi fifiko a mazauninsa na asali ba tare da ya hana wasu sha ba. Dokar kiwo ta 2010 ta tsai da tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin tashoshin famfo. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Muddin attajiri mai garke dubu zai iya samun takardar tona rijiya ya kuma mallake dajin da ke kewaye, to dokar ta zama ado.

Manyan ayyuka su ne ke cinye hankalin mahukunta. Tun shekarun 1970 ake nazarin madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara, wadda aka ce za ta ba da megawat 130. Shugaba Tandja Mamadu ya aza tubalinta a 2008, shekara 15 bayan haka ba ta ba da wuta ba. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, kowa ya ga illar dogaro da maƙwabci. Ƙasa na bukatar Kandaji, babu musu. Sai dai tana nesa da Tenhiya da sama da kilomita 1,000, ba kuma za ta shayar da raƙumi ko ɗaya a Damargu ba.

Saboda haka ya kamata a sauya sharaɗin kwangilar bincike. Duk ofishin ƙwararru da ya karɓi kuɗi don nazarin ruwa ko canjin yanayi a Tanut da Belbeji, a wajabta masa komawa gaban majalisar gunduma, da hakimai, da kwamitin kula da filaye, ya bayyana sakamakonsa da Hausa da Fulatanci da Buzanci, ya bar kwafi a ofishin magajin gari. Kada a tona sabuwar rijiya sai Fulani da Buzaye da Hausawan da za su sha sun zauna sun yi yarjejeniya a rubuce kan layi da kuɗin gyara da haƙƙin baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma rahoton da bai koma wurin mai ɗaki ba bai cancanci a biya kuɗinsa ba.