An rage kuɗin hoto, amma hanyar Maradi tana nan yadda take

Tun ranar 1 ga Satumba 2024 aka rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati na Nijar. Ragin ya shafi ganin likita, kwanciya, awon jini, tiyata, har da hotunan da ake ɗauka na cikin jiki. Ba mai ƙin sauƙi, kuma wanda ya yi abin kirki a yaba masa. Sai dai duk wanda ya taɓa raka majinyaci daga gundumar Tasawa ko ta Mayahi zuwa hoto ya san cewa abin da ake miƙawa a tagar asibiti shi ne ƙaramin kaso na ɗawainiyar.

Abin yakan soma ne daga ɗan ƙaramin gidan likita na ƙauye. Mace ta ji ƙululu a mama, ko magidanci cikinsa ya kumbura yana ramewa, ko tari ya ƙi jin magani wata da watanni. Majo ya duba, ya rubuta takarda zuwa asibitin gunduma. Mutumin Urafan ko Korgom ya nufi Tasawa, na Kanambakashe ko Isawan ya nufi Mayahi, wani bisa amalanke, wani bisa babur. A can, in da wuta kuma na'ura na lafiya, za a yi masa radiyo, wadda ke nuna ƙashi da huhu, ko ekografi, wadda ke leƙa hanta da ƙoda da mahaifa. Idan likita ya ga wata inuwa da bai gamsu da ita ba, sai ya ce sai an yi sikana. Wannan kuwa ta birni ce. Daga Tasawa zuwa Maradi tafiyar ta haura kilomita 100, haka kuma zuwa Damagaram; daga Mayahi sai an biyo ta Cadawa. In abin ya kai ga Yamai, akwai wasu kilomita fiye da 600 gaba da Maradi.

Majinyaci kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Da ɗan rakiya, wani lokaci biyu. Kuɗin mota ninki, abinci ninki, ga masauki in babu ɗan'uwa a birni. Rumfar kasuwa tana rufe, gona tana jiran noma. A nan ne buhun wake da riɗi ke fita kafin lokacinsa, jar akuya ta bi baya, har a taɓa gonar gado. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba: malamin makaranta da ke can ƙauyen Mayahi sai ya nemi izini, ya ci bashi kan albashin da bai zo ba.

Amma ko duk an biya wannan, akwai abin da ya fi shi ciwo, wato jira. Hoto shi kaɗai ba ya magana, sai an samu ƙwararren da zai karanta shi, kuma irin waɗannan likitoci ƙalilan ne a ƙasar, yawancinsu a Yamai. Sai a miƙa wa majinyaci babban ambulan a ce ya dawo. Yana riƙe da labarin ransa a hammata, bai iya karantawa ba. Ko da bayanin ya fito, da Faransanci yake, Faransancin likitoci kuma, wanda ko mai digiri sai ya yi ta lalube. Sau nawa ake kiran ɗan rakiya gefe a yi masa raɗa, a bar mai ciwon yana kallon fuskoki yana neman amsa? Ana cewa tausayi ne. Wane irin tausayi ne zai hana baligi mai hankali sanin abin da ke jikinsa, alhali yana da iyali, da bashin da ake binsa, da wasiyyar da zai so ya bari?

Ga shi kuwa bayanin da ake rowarsa sau da yawa mai sanyaya zuciya ne. Inuwa a huhu ba lalle sankara ba ce, tana iya zama tarin fuka, wanda ake warkewa da maganin wata shida. Ƙululu da yawa a mama ba mugaye ba ne. Ko sikana ba ta yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan tsoka an duba a ɗakin bincike. Minti biyar na magana da Hausa sun isa a faɗi wannan. Idan ba a faɗa ba, mutum zai yanke wa kansa hukunci, ya koma gida, ya faɗa hannun masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa, waɗanda garinsu ɗaya ke warkar da cuta arba'in. Ranar da zai sake komowa asibiti, ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa.

Wannan hali ba jiya ya samo asali ba. Tun shirin Bamako na 1987 aka ɗora wa talakan Afirka biyan wani kaso na kuɗin lafiyarsa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa waje, daga takardar hoto har ƙusar na'ura, ya ninka. A 1995 Nijar ta kafa dokar biyan kuɗin magani. Zamanin Tandja Mamadou aka sassauta: tiyatar haihuwa kyauta a 2005, yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, sankarar mata a 2007. Dokoki masu kyau a takarda, amma baitulmali ya yi ta jan ƙafa wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, kyautar ta zama a je a sayo a kanti. Tambayar da ta dace a yi wa ragin 2024 ke nan: rabin da aka yafe, wa ke cika shi, kuma yaushe? Na'urar hoto ba ta cin alkawari. Tana son gyara, da kayan canji, da sanyi, da wutar da ba ta yankewa. Jama'ar jihar Maradi ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wuta har zuwa Maris 2024.

Kowace gwamnati tana son sayen na'ura, domin ana yanka mata ƙyalle, a yi kiɗa, a nuna a talabijin. Ba a taɓa yin biki don an sa hannu kan kwangilar gyara ba. Kuma masu rabon kasafi ba su cika jin zafin abin ba, tunda in nasu ciwon ya taso akwai jirgi zuwa Maroko ko Tunisiya ko Faransa. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi domin lafiya. Nijar ba ta kai nan ba.

Ba a ce ba a yi komai ba. Maradi ta samu babban asibiti zamanin Issoufou Mahamadou, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo tana yaye likitoci, kuma a 2021 aka buɗe sashen gashin sankara na farko a Yamai. To amma gashi yana amfanin wanda aka gano ciwonsa da wuri, ganowar kuwa a Tasawa da Mayahi take farawa.

Abin da ake nema bai kai kuɗin sabon gini ba. Hoton da aka ɗauka a asibitin gunduma a tura shi ta intanet ga likitan Maradi ko Yamai, amsa ta dawo cikin kwana biyu, maimakon mai ciwo ya zama ɗan aike. Wanda za a tura sikana a kira masa ta waya a tsayar da rana kafin ya bar gida. Kowace na'ura a saye ta da kwangilar gyara da wutar hasken rana. A wajabta wa likita ya zaunar da majinyaci ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Attajiran Tasawa da ke gasar komawa Umara duk shekara su ma suna da abin yi: masauki mai ɗaki goma kusa da asibitin Maradi, domin majinyatan gundumarsu da ƴan rakiyarsu, bai fi ƙarfin mutum uku daga cikinsu ba.