Ƙwayar da ke cin baƙin mai, ta kuma ci miki

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ko mai gyambo ya san ranar da ake kwance bandeji a tarar ya rine, ya koma kore-kore da shuɗi-shuɗi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi yana tashi. A nan unguwar Kilomita Biyar ta Bangui abin da ke biyo baya sananne ne. Sai a aiki yaro kasuwa ya sayo kafso, a ɓare guda biyu a barbaɗa garin a kan ciwon, mara lafiya ya haɗiye sauran. Wata gwaggo kuma ta ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa. Launin nan kuwa aikin wata ƙwayar bakteriya ce da likitoci ke kira Pseudomonas aeruginosa, wadda wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Carle Gessard, ya fara warewa a 1882 daga irin waɗannan bandeji.

Asalin mazauninta ƙasa ne da ruwa. Tana cikin kwata, tana bakin rijiya, tana gindin jarkar da ake ta ƙara wa ruwa ba a taɓa wanke ta ba. Mai lafiya yana taka ta kullum ya wuce, domin fatarsa ta tsare shi. Ita dai jiran ƙofa take yi: ƙunar fetur ɗin kwalba, gwiwar ɗan acaba da kwalta ta ɗaye, ƙafar mai ciwon suga, robar fitsarin da ta daɗe a jikin majinyaci. In ta samu shiga, sai ta shimfiɗa wani yauƙi ta lulluɓe kanta, magani ya yi ta zagaye bai kai gare ta ba. Tana kuma da hanyar tofar da maganin da ya shige ta.

Ga inda nake so masu sayar da magani a tire su saurara. Ampicillin da amoxicillin da Septrin ba sa yi wa wannan ƙwaya komai, haka aka halicce ta. Abin da kafson ke yi shi ne ya kashe sauran ƙwayoyin da ke takara da ita, ya share mata fili. Na san yadda muka saba da wannan ɗabi'a. A rikicin 2013 da 2014, lokacin da fita daga unguwa zuwa asibiti ya zama sayar da rai, kowa ya zama likitan gidansa, kuma ba na ganin laifin kowa a wancan hali. Amma hanya ta buɗe, ɗabi'ar ta zauna.

Kada a ɗauka matsalar talaka ce kaɗai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai bijire wa manyan allurai a sahun farko na ƙwayoyin da ake neman sabon magani a kansu. A 2023 a Amurka aka gano ta cikin wani maganin ɗigawa a ido mai suna EzriCare: mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka mutu, wasu huɗu aka cire musu ido.

Yanzu leƙa garejin kanikawa, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta daskare da man da ake juyewa daga inji, ko ciyawa ba ta fitowa. Ɗebi wannan ƙasa ka kai ɗakin gwaji, cikin 'yan halittun da za a tarar suna rayuwa har da wannan ƙwaya, tana cin man. Tana fitar da wani sinadari mai aikin sabulu, rhamnolipid, wanda ke farfasa mai ya gauraya da ruwa. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun sha ware ta daga ƙasar gareji don gwada ta a kan ƙasar da mai ya lalata. A kan wata 'yar uwarta mai cin ɗanyen mai ce wani masanin kimiyya, Ananda Chakrabarty, ya yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka a 1980, aka yarda a yi wa halittar da aka sarrafa rajistar mallaka. Tun 1899 ma, kafin a san penisilin, wasu masana biyu, Emmerich da Löw, a Jamus sun tatsi wani magani daga jikin ita Pseudomonas aeruginosa suka gwada a kan majinyata. Taurin kan da ya sa ta iya cin baƙin mai shi ne dai ya sa take raina kafso. Shi ya sa jikina ke yin sanyi in na ga bakanike ya yanke a hannu ya shafa man inji wai ya tsayar da jini.

Ra'ayina, amfaninta aikin masu ɗakin gwaji ne, ba abin da za a ɗebo a watsa kusa da rijiyoyin mutane ba. Namu a unguwa ya fi wannan sauƙi. Ciwon da ya fara kore a kai shi inda za a lakato mugunyar a auna, a gano maganin da ke kama ta. Cibiyar Pasteur tana nan a Bangui tun 1961, kuma irin wannan awo aikinta ne. Za a ce kuɗi, gaskiya ne, amma a lissafa abin da ake kashewa a kan kafso wata uku, a haɗa da ranakun kasuwa da aka rasa. Ƙananan ɗakunan shan magani kuma su daina sirka ruwan wanke ciwo suna ɗurawa a tsohuwar kwalba, domin ko a cikinsa tana iya zama. Masu jinya a gida su wanke miki da ruwan da aka tafasa ya huce, su bar na jarka.