RA'AYINMU: Takarda Ɗaya Daga Paga Zuwa Tulaku

Duk wanda ya taɓa ɗora shanu a mota daga kan iyakar Paga ya nufo Ankara ya san abin da ake kira wahala. Tafiya ce ta kimanin kilomita 800, a bi ta Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman da Kumasi, kafin a sauke a karar Tulaku da ke Ashaiman, inda mahautan Nima da Maamobi da Old Fadama ke zuwa sayen na yanka. Shanun nan a tsaye suke tun daga farko har ƙarshe, ba ci ba sha. Saboda haka duk sa'ar da aka ƙara musu a hanya, daga jikinsu ake cire ta, kuma daga aljihun falke.

Bari mu faɗa tun da wuri, mu ba abokan gabar likitan dabbobi ba ne. Dokar Cututtukan Dabbobi ta 1961, wato Doka mai lamba 83, ta ba hukuma ikon duba dabbobi da killace su da hana zirga-zirgarsu idan cuta ta ɓulla, kuma wannan gata ne gare mu. Dattawanmu ba su manta da bushiya ba, cutar da kan share garke ta bar mai shi da sanda kawai. Allura da tsaron iyaka ne suka kawar da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Haka kuma a watan Yuni na 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a Yankin Gabas ta Sama, musamman wajajen Binduri, hukuma ta hana fita da shanu da tumaki da awaki da kuma yanka su, ga Babbar Salla ta ƙarato. An yi asara, ba shakka, amma rigakafi ya fi magani.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce, takardar izinin tafiya da likita ya sa wa hannu bayan ya duba dabbobi ba ta samun mutuncin da ya kamace ta a kan titi. Mota ta tashi da takardunta cif, amma a tsayar da ita a wannan shinge, a sake tsayar da ita a na gaba, a bar shanu cikin rana har sai an "gaisa". Ba mu kaɗai ke faɗar haka ba. Rahotannin da ƙungiyar UEMOA ta riƙa fitarwa game da hanyar Tema zuwa Wagadugu sun nuna yawan shingaye da ɓata lokaci da kuɗin da ake karɓa ba rasit. Mai ɗauke da siminti zai iya jira, amma mai ɗauke da rai ba zai iya ba. Sa ɗaya ya kwanta a cikin mota, sauran su tattake shi, ribar tafiyar ta tafi ke nan.

Abin da ya kamata hukuma ta gane shi ne, idan bin doka ya fi kauce mata tsada, to mutane za su bi ta daji da dare, su ƙetare wurin killacewa, cuta kuwa ta nan take shigowa. Tun 1998 shugabannin ƙasashen ECOWAS suka amince a Abuja da takardar shaidar ƙetare iyaka ga makiyaya, wadda ke nuna yawan dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za su bi. Hikimar da ke cikinta ita muke nema ga fatake: a duba sosai a wuri ɗaya, a rubuta, sa'an nan kowa ya girmama rubutun.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona da Sashenta na Kula da Lafiyar Dabbobi da su yi abu uku. Na ɗaya, a liƙa kuɗin duba kowace dabba a fili a Paga da Tulaku, kuma a ba da rasit. Na biyu, a zauna da 'yan sanda da kwastan a tsayar da wuraren da za a riƙa duba motar dabbobi, kada su wuce ƙima. Na uku, a tanadi wurin sauke dabbobi su sha ruwa su huta a tsakiyar hanya.

Sai dai in za ka faɗi gaskiya, fara da gidanku. Mu ma muna da laifi. Akwai masu cusa shanu fiye da abin da mota za ta ɗauka don rage kuɗin haya. Akwai masu ɓoye maras lafiya a tsakiyar lafiyayyu. Akwai kuma masu yanka a lungu ba tare da an duba naman ba, alhali 'ya'yanmu ne a Nima da Maamobi za su ci shi. Muna roƙon sarakunan fawa da shugabannin dillalai su tsawata a kan wannan, domin wanda hannunsa ba shi da tsabta ba ya iya nuna wani da yatsa.

Ɗan'uwa, kada ka ɗora sai an duba, kada ka biya sai da rasit, kuma ka adana takardarka. Allah ya tsare dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.